Manomin da Ya Ɓoye Gyambonsa

Akwai wani manomi mai son a ce masa jarumi. Wata rana yana yankan shinkafa a fadama, sai lauje ya tsarge masa hannu. Ya ruga gida, matarsa ta wanke wurin da ruwan gishiri ta ɗaure. Jini ya tsaya, wurin ya kumbura kwana biyu, ya yi ɓawo, sabon nama ya tsiro. Kafin sati biyu sai tabo.

Amma a ƙwaurinsa akwai wani miki da kututture ya ji masa tun farkon damina. Wannan kam bai nuna wa kowa ba. Kullum sai ya fasa kafso ya barbaɗa garin a kai, ya saki ƙafar wando. In an tambaye shi dalilin ɗingishi, sai ya ce, "Ɗan ƙurji ne." Ɗan ƙurjin da har ƙudaje sun san hanyarsa!

Matarsa ta gaji, ta ce, "Maigida, ƙurji ba ya wari. Tashi mu je asibiti."

Malamar asibiti ta duba, ta ce, "Baba, wannan gyambo ne. Da ka ƙara wata guda, da ƙafar za a yanke."

Ya ce, "'Yata, yankan lauje ya fi shi zurfi, ya kuwa warke."

Ta ce, "Sabon ciwo jini na kai masa abinci, ya kumbura, ya sace, ya haɗe. Wannan ya tsaya a kumburi ya ƙi gaba. Mataccen nama ya rufe shi, ƙwayoyin cuta sun yi gida a ƙarƙashi. Sai na kankare shi har ya yi jini, ya koma sabo."

Ta fara kankara. Jarumi ya kwarma ihu yana kiran uwarsa, matarsa na riƙe da shi tana dariya har da hawaye. Ya yi wata biyu yana zuwa wankin gyambon, ƙafarsa ta tsira.

Ma'anar wannan misali ita ce, laifin da ka furta yau, yau yake fara warkewa. Wanda ka rufe kana cewa ba komai, shi ke ruɓewa ya cinye ka. Tuba akwai zafi, ba zan yi muku ƙarya ba, amma Ubangiji yana kankarewa ne domin ya warkar. 'Yan'uwa, a cikinmu akwai waɗanda suka shekara ba su gaisa ba, ga su kuwa a benci ɗaya a nan coci. In an tashi sujada, kada ka jira ɗan'uwan da kuke gaba da shi. Kai ka fara miƙa hannu.