Akuyar da Aka Ɗaure a Ƙofar Hannatu

Akwai wata mata mai suna Yelwa, a wani ɗan barikin soja tsakanin Gumel da Maigatari, shekarun da aka gama yaƙin basasa. Mijinta saje ne mai igiya uku, ita kuma aka naɗa ta Magajiya, wato shugabar matan bariki.

Tun ranar ta daina tafiya irin ta mutane. In ta zo famfo sai ta ture bokitan mata da ƙafa, ta ɗaga haɓa, ta ce ta hanci, "Igiya uku ta iso, a matsa." Ka ce a damtsenta aka ɗinka igiyar.

Ɗakunan barikin iri biyu ne. Na siminti layi ɗaya tak, sauran kuwa bacha ne, rumfar tsohon kwano, da rana tanda, da damina rariya.

Hannatu, Bafulatana daga Ɗanzomo, tana ɗakin siminti. Mijinta Ilu farabiti ne, ko igiya ɗaya babu, an ba shi ɗakin ne don raunin da ya dawo da shi daga yaƙi. Wannan abu ya tsaya wa Yelwa a wuya, don ƙanwarta ta auri kofur kuma suna bacha.

Yelwa ta aika wa Hannatu cewa ta tashi daga ɗakin da girma da arziki. Hannatu ta je har ƙofa ta durƙusa, ta ce Ilu yana sintiri a kan iyaka, ga damina ta kankama, ga jaririyarta da tari. Yelwa ta ce tari ba muƙami ba ne.

To, dokar bariki ta hana kiwo. Duk ɗakin da aka kama da dabba ranar duba tsafta, masu shi bacha za su koma. Ita Magajiyar da ke zagayawa tana tuna wa mutane dokar, akuya take ɓoye a ƙuryar ɗakinta, don ba wanda ke leƙa ɗakin Magajiya.

Ranar duba, Hannatu na famfo, Yelwa ta jawo akuyar ta ɗaure a ƙofarta. Mata na kallo. Babu wadda ta yi tari, don a hannun Yelwa rabon kananzir da shinkafa yake.

Sai ga Samanja Ishaku da sandarsa a hammata, da Hausarsa ta bariki.

"Wane ne yana da wannan akuya?"

Yelwa ta tafa hannu, ta yi salati kamar yau ta fara ganin akuya. "Samanja, ai ba sai an tambaya ba. Wa zai yi kiwo in ba 'yar ruga ba? Na gaji da faɗa mata."

Samanja ya ce Hannatu ta kwashe kayanta kafin la'asar.

Hannatu ta sauke bokiti. Ta dubi matan ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta sunkuyar da kai. Sannan ta dubi akuyar. Hantsarta cike, tana fizgar igiya tana kuka ta gefe ɗaya.

"Ranka ya daɗe, zan tashi. Amma akuyar nan shayarwa take, kada ɗanta ya mutu da yunwa. A kwance ta ta je ta ba shi."

Yelwa ta ce ba a sakin shaida. Samanja ya ce shi ne shaida, ya sa sanda ya zare igiyar.

Akuya ta ratsa layi a guje, ta wuce ɗakuna, ta banke labulen Magajiya. Daga ƙarƙashin gado ɗan akuya ya amsa, "Meee."

Samanja ya juya ya dubi Yelwa. "Magajiya, wannan ma 'yar ruga ne ya haifa?"

Kafin la'asar an kwashe kaya, amma na Saje da matarsa. An kai su bacha, an kuma karɓe sarautar.

Nan take bakin mata ya buɗe. Suka cika ƙofar Hannatu, wannan na cewa wallahi ta ga lokacin da aka ɗaure akuyar, waccan na cewa ita da ma ba ta taɓa son Yelwa ba.

Hannatu ta gyara goyonta. "Kun gani?"

Suka ce ƙwarai.

"Akuya ce ta yi magana."

Ta shiga ɗakinta ta rufe ƙofa.

Darasi: Azzalumi ba ya cin mutum shi kaɗai, sai da taimakon masu kallo suna shiru don kada rabonsu ya ragu. In ka ga ana zaluntar maƙwabcinka, ka buɗe baki a lokacin da maganar ke da amfani. Ku tura wa wasu, musamman masu ganin muƙamin miji nasu ne.