Ranar da Mai Gyaran Keke Ya Ja Labule

Ya 'yan uwa, kafin in taɓa laifin wani bari in fara ajiye nawa a gabanku. Ni mutum ne mai leƙen taga. Ba na tsayawa, Allah ya sani, amma in ina wucewa wuyana yakan juya da kansa. Matata Riek ta yi faɗa har ta gaji. Ni kuwa abin da nake ce mata shi ne, mutanen da suka bar labule a buɗe dare da rana, suka jera tukwanen fure a bakin taga, ai kallo suke nema, rashin ladabi ne a wuce ba a ba su ba.

An yi wani mutum a ƙauyen nan namu, a shekarun da bidiyo ya fara shiga gidaje. Ba zan faɗi sunansa ba, don wa'azi muka zo yi, ba tonon asiri ba. Mai gyaran keke ne. Na san mai gyaran keke ɗaya ne a garin, amma wannan ba laifina ba ne.

Mutumin kirki ne, kowa ya shaida. Ba ya shan giyar da ta wuce ƙaramin kofi ɗaya a biki. Ba ya taɓa sifana ranar Lahadi ko da tayar fasto ce ta sace. In ana rera zabura muryarsa ce take fara shiga, ita ce kuma take fita a ƙarshe. Yana zaune da matarsa Hermien, da mahaifiyarsa, Inna Geesje, wadda ta haura tamanin, tana ɗakin baya tana fama da ƙirji tun sanyin bara.

Abu ɗaya yake so a duniya: ya zama dattijon ikilisiya, ya zauna a bencin gaba inda ubansa ya zauna, inda kakansa ya zauna. Ya jira har furfura ta fito masa. A shekarar wani dattijo ya sauka, aka sa za a yi zaɓe ranar Lahadi bayan sujadar safe. Sunaye biyu aka fitar. Na farko nasa. Na biyu nawa ne, an sa shi ne kawai don kada a ce ba a yi takara ba. Riek da kanta ta gaya mini mai gyaran keken za ta zaɓa.

To, a gidan mai na hanyar Doetinchem akwai Lammert, wanda ya fara ba da hayar akwatin bidiyo, a zuba maka shi a jaka mai hannu tare da kaset, ka kai gida ka dawo da shi washegari. A kantar ƙasa akwai na yara da na yaƙi. A kantar sama kuwa, inda sai mutum ya yi ɗage, akwai waɗancan finafinan barkwanci na manya, masu hoton mata suna gudu maza suna bin su wando a gwiwa. Mutuminmu ya taɓa tashi a taron gari ya ce wannan kanta ƙofar wuta ce. An tafa masa. Ni ma na tafa.

Yaya aka yi ya faɗa? Gam ɗin faci ya je saye a gidan man. Lammert yana bayan kanta ya kunna ɗaya a ƙaramin talabijin don ya duba ko kaset ɗin yana da lafiya. Mutuminmu ya ɗaga kai ya ga wani mai wankin taga a kan tsani, ƙusa ta kama masa wando, ga maigida mai tumbi yana ajiye mota a ƙasa, ga uwargida tana jan mai wankin ta taga. Sai ya yi dariya. Dariya ɗaya tak, ta hanci.

Ya 'yan uwa, kuna tsammanin Shaiɗan da ƙaho yake zuwa? Da ya zo wa wannan bawan Allah da batsa tsirara, da ya tofar da yawu ya wuce. Ai da raha yake zuwa. Ya san mutumin da ya yi shekaru yana ɗaure fuska a bencin majami'a yana da dariyar da ta taru masa a ciki ba ta sami hanya ba. Sai ya ce maka, ai wasa ne, ai ba wanda aka kashe, ai mai tumbin nan ya yi kama da surukinka. Kana dariyar wandon, sauran abin yana shiga ta gefe. A da in mutum yana son irin wannan sai ya je silima a birni, ya bi layi hula a kan ido, yana addu'a kada ya haɗu da ɗan garinsu. Kunyar layin nan ta ceci mutane da yawa. Bidiyo ya zo ya ɗauke layin. Ga kujerarka, ga kofinka, ga maɓallin da za ka mayar da tsanin baya, mutumin ya sake faɗowa sau nawa kake so.

Kwana da kwanaki tambaya ɗaya tana cin mutuminmu: shin mai tumbin ya kama mai wankin tagar?

Ranar Asabar, jajibirin zaɓe, Hermien ta tafi Zutphen wurin yayarta. Inna Geesje ta sha magani ta kwanta. Ya rufe shago da azahar, ya ɗaura amalanke a bayan keke, ya je ya dawo da jakar Lammert a ƙarƙashin tsofaffin tayoyi. Ya haɗa wayoyi, ya zauna. Sai ya ga rana tana dukan gilashin talabijin. Ya kuma tuna cewa gidana ne a jikin nasa, ya tuna da wuyana. Ya tashi ya ja labulen falo, duka biyun, ruf.

Yaran yanzu ba su san abin da wannan yake nufi ba, amma ku manya kun sani. A garin nan ba a jan labule da rana tsaka sai in akwai gawa a gidan. Kun kuma san aikin maƙwabcin kusa in an yi rasuwa. Masu gida ba sa ɗaga ko tsinke. Shi zai sanar da unguwa, shi zai sa a kaɗa ƙararrawa, shi zai nemo masu ɗaukar akwati. Maƙwabcin kusan nan ni ne.

Ina dawowa daga lambu wuyana ya juya. Na shiga gida na ce, "Riek, Inna Geesje ta tafi."

Ta ce, "Ka gani da idonka, ko dai irin ganin naka ne?"

Na ce zan je in tabbatar. Na zaga ta ƙofar baya, wadda ba a taɓa kullewa ba, na tsaya a madafa. Daga falo nake jin sa. Shessheƙa yake yi, irin ta namijin da ya cusa hankici a baki don kada a ji shi, numfashi yana sarƙewa, yana cewa, "Wayyo Allah, wayyo cikina." Idona ya kawo ruwa. Na ce a raina, ba a tsaya wa mutum a ka yana kukan uwarsa. Na juya a kan yatsun ƙafa.

Ban taɓa yin aikin maƙwabtaka da kyau kamar ranar ba. Na sa baƙar kwat ɗina. Na bi gida gida. Riek ta buga wa Hermien waya a Zutphen. Matan unguwa suka dafa kofi, aka aika gidan burodi aka kwashe mai zabibi. Tsoho Harmen mai kula da majami'a ya hau ya kama igiyar ƙararrawa, ya yi ta kaɗawa a hankali, irin kaɗin da ake yi wa mace mai shekaru.

Daga baya na tambayi mutumin, "Kai ba ka ji ƙararrawa ba?" Ya ce ya ji. Ya ce a ransa, Allah ya ji ƙan ko wane ne, gobe na ji a majami'a. Sai ya ƙara muryar talabijin.

Muka taru a ƙofar baya, fasto a gaba, dattawa a bayansa, mata da butocin kofi. Kowa ya cire takalmin katako ya jera a bakin ƙofa, muka shiga da safa, ko ƙuda bai ji mu ba. Falon duhu. Ga shi a kujera, ya ba mu baya, kafaɗunsa suna rawa. Akwai kiɗa yana tashi, na kakaki mai tsalle tsalle, amma na ɗauka kowa da yadda yake juyayinsa.

Fasto ya ɗora masa hannu a kafaɗa ya ce, "Ɗan'uwa, ka yi haƙuri. Ta huta."

Ya zabura ya kai hannu zai kashe. Bai saba da akwatin ba. Maɓallin da ya danna shi ne wanda yake tsayar da hoto cak.

Ba zan gaya muku abin da ya tsaya a kan gilashin nan ba. Iyakar abin da zan ce, uwargidan mai tumbi ce, ta jingina da kabad ɗin kaya ta tare ƙofarsa, kuma ga alama duk kayan nata suna cikin kabad ɗin. Ta tsaya tana kallonmu, muna kallonta. Harmen, wanda ya biyo mu yana haki, ya cire hula, ban san wa ya cire wa ba.

Ana cikin haka ƙofar ɗakin baya ta buɗe, sanda ta fara fitowa, sannan mai sandar.

"Wa ya mutu ne ake ta kaɗa ƙararrawa?"

Riek ta taka mini ƙafa. Na ce, "Ke ce, Inna."

"To, ba wanda ya gaya mini." Ta dubi burodin da ke hannun mata. "Na gidan burodin Wolters ne? Da dai kun sayo na kirki, sau ɗaya ake mutuwa." Sannan ta gyara tabarau ta dubi talabijin. "Yarinyar nan mura za ta kama ta. Kai, sakarai, sake shi mana. Tun ɗazu nake leƙe ta ƙofa, kana ta mayar da tsani baya, kana ta mayarwa. Ni so nake in ga ko mijin zai buɗe kabad ɗin."

Fasto ya sunkuya da kansa ya zare waya daga bango.

Muka sha kofin dai, tunda an riga an dafa. Ba wanda ya kalli wani. Da yamma motar haya ta sauke Hermien da baƙar riga da damin furanni, ido ya kumbura, ta yi kuka tun daga Zutphen. Ta shigo ta tarar da surukarta tana cin burodin makokinta. Abin da ta gaya wa mijinta ban ji duka ba, ko da yake bangonmu ɗaya, kuma na yi iyakar ƙoƙarina.

Washegari aka yi zaɓe. Ƙuri'arsa ba ta cika tafin hannu ba, kuma ana kyautata zaton ɗaya ta Inna Geesje ce. Bencin ubansa da kakansa ya tafi hannun wani mai dogon wuya. Ban nema ba. Ban kuma ƙi ba. Hermien ta sauke labulen nan ta yayyanka su tsumman goge mai, ta kai masa shago, ya yi shekaru yana share hannu da su. Har yau falonsu ba labule. In ya wuce ta gaban mashaya, sai ka ji wani ya ce, "Maigida, yaya jikin Inna? A kaɗa ko a dakata?" Ya tsufa a benci na baya, kusa da ƙofa, inda iska take shigowa.

Ya 'yan uwa, me ya kayar da wannan mutum? Bai yi sata ba, bai yi kisa ba. Ya yarda ne cewa akwai ɗakin da zai ja wa labule ya zama wani mutum dabam na ɗan lokaci, sannan ya buɗe ya koma wanda muka sani. Ya tsaya a taro ya zagi kantar sama da baki, zuciyarsa tana ɗage tana leƙen ta. Abin da ya rufe don kada mutum ɗaya ya gani, shi ya tara masa gari har da ƙararrawa. To in labulen yadi bai ɓoye shi daga maƙwabci irina ba, wanda ko tabarau bai cika sawa ba, wane labule ne zai ɓoye ka daga Wanda ya yi ido? Ku yi dariya, ba a hana ba, ni ma kun ga ina yi. Amma ka tambayi kanka: dariyar nan, zan iya yin ta taga a buɗe, uwata tana zaune? In sai ka tashi ka ja wani abu tukuna, to ka san wa ya ba ka labarin.

Allah ya kiyaye mu daga kantar sama da abin da ke kanta. Ya kiyaye mu daga dariyar da sai an toshe baki ake yin ta. Ya sa ranar da za a ja mana labule a same mu da abin kirki a gaba. Amin.

Akwatin da kaset ɗin kuwa, fasto ya ce kada su kwana a gidan. Ranar Lahadi ba a ɗaukar kaya, don haka suka zauna a wurin maƙwabcin kusa har Litinin. Mijin ya buɗe kabad ɗin daga ƙarshe. Ba kowa a ciki, mai wankin tagar yana ƙarƙashin gado.