Bakaniken da Ya Ƙi Ɗora wa Direba Satar Mai

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba, tun zamanin da motoci ba su cika titi haka ba. Sallau sunansa, bakanike ne, motocin da ke shan man gas yake gyarawa. Ba shi da komai, jama'a. 'Yar rumfar kwano ce da akwatin sifanu, filin da rumfar take ma ba nasa ba ne, na wani attajiri ne, Alhaji Maikano, wanda ya ba shi aron wurin.

To ku saurara. Motar Alhaji ta fara ciwo. In an tayar da ita tana tsaye, sai ta riƙa karkarwa kamar mai zazzaɓi, tana neman mutuwa. Ga baƙin hayaƙi. Ga shan mai: man da a da yake kai ta mako, yanzu kwana uku ya ƙare. Alhaji bai tsaya bincike ba, ya yanke hukunci cewa direbansa ne ke zuƙe man yana sayarwa. Direban nan, Nomau, shekara goma sha ɗaya yana ja masa mota.

Wata safiya suka zo rumfar Sallau. Alhaji ya ce, "Sallau, duba min ita, ka faɗa a gaban mutane abin da wannan yake yi min."

Sallau ya ce, "Ranka ya daɗe, bari mu ji ta bakin motar tukuna."

Ya ɗaga murfin inji, ya kasa kunne. Ya zagaya baya ya dubi hayaƙi. Ya ciro matatar iska, ya tarar ba ta toshe ba. Ya shiga ƙarƙashi ya bi tiyo tun daga tanki, ba ya yoyo. Sannan ya riƙa sassauta bututun nozul ɗaya bayan ɗaya, yana sauraron canjin kukan inji. Nozul shi ne abin da ke fesa mai cikin inji. Biyu daga ciki, da ya sassauta su, kukan bai canja ba, wato dama ba sa aikin kirki. Ya kwance su ya gwada, maimakon su yi feshi, ɗiga suke yi. Sai ya kwance matatar mai ya juye abin da ke ciki a farar kwalba, ya ajiye. Jim kaɗan ruwa ya kwanta a ƙasa, mai ya taso sama. Ya shinshina, warin kananzir.

Ya dubi Nomau ya ce, "Malam Nomau, a ina kake shan mai?"

Nomau ya sunkuyar da kai ya ce, "Wuri ɗaya ne. Inda Maigida ya umarce ni."

Jama'a, wurin nan gidan man ɗan Alhaji ne, babban ɗansa na cikinsa.

Alhaji ya ja Sallau bayan rumfa, ya rage murya. Ya ce, "Kai mai hankali ne. Ka ce Nomau ke zuƙe mai yana cikawa da ruwa. Magana ɗaya ce. Filin nan kuma na bar maka har abada."

Ku saurara da kyau, 'yan'uwa. Ba a ce wa Sallau ya yi sata ba. Ba a ce ya kashe kowa ba. Magana ɗaya kawai, kuma ba wanda zai iya ƙaryata shi, don duk garin ba wanda ya san injin nan kamarsa. Ga shi Sallau yana da 'ya'ya biyar a gida.

Sallau ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma. Ya ce, "Ranka ya daɗe, in kana so in yi shiru a kan inda aka sayo man, zan yi shiru, ba zan tona asirin gidanka ba. Amma in ce bawan Allahn nan ya yi abin da ban gani ba, ba zan iya ba. Wannan makon kaɗai motoci uku aka kawo min da irin ciwon nan, kuma ba Nomau ke jan su ba."

Suka dawo gaban mutane. Sallau ya ce, "Gurɓataccen mai ne ya cinye nozul, shi ya sa take karkarwa, shi ya sa take shan mai. Ban ga alamar sata ba." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Na san abin da kuke jira. Kuna jira in ce Alhaji ya ji kunya ya tuba. Bai tuba ba. A ranar ya kori Nomau. Kafin Juma'a ya sa aka cire rumfar Sallau. Ya baza a gari cewa Sallau ne ya lalata masa inji. Mutanen da Sallau ya yi wa aiki shekara da shekaru suka daina kawo masa mota, ba don sun yarda ba, sai don kada Alhaji ya gan su. Gidan man kuwa ya ci gaba da ciniki.

Sallau ya koma gindin wata bishiya a bakin hanya. Wata rana ya samu aiki, kwana huɗu bai samu ba. Ya sayar da sifanunsa ɗaya bayan ɗaya. Matarsa Hajo ta ce masa, tana kuka, "Malam, ga shi ka faɗi gaskiya, Nomau bai tsira ba, mu ma ba mu tsira ba. To wa ta amfana?"

Ya ce, "Ban sani ba, Hajo. Wallahi ban sani ba. Na dai san ba zan iya tsayawa gaban Ubangijina da ita a bakina ba."

Haka ya rayu, haka ya mutu. Sahu biyu ba su cika ba a jana'izarsa. Nomau, wanda ya koma ƙauyensu yana noma, ya zo a ƙafa. Da aka gama rufe kabari ya tsaya yana hawaye ya ce, "Duk garin nan mutum ɗaya ne ya ce ni ba ɓarawo ba ne. Ga shi nan kwance."

To jama'a, abin da nake so ku tafi da shi ke nan. Gaskiya ba ta yi wa kowa alkawarin za ta ciyar da shi a duniya ba. Wani ya faɗe ta a ɗaga shi, wani ya faɗe ta a tattake shi, sakamakonsa sai a Lahira. Wanda yake riƙe gaskiya don ta biya shi nan kusa, ranar da ta ƙi biya zai sake ta.

Kai bakanike, kai malamin asibiti, kai magini, akwai abin da ka sani wanda mai zuwa wurinka bai sani ba. Kalmarka ɗaya tana iya wanke mutum, tana iya binne shi da ransa. Mu kuma da muke kau da kai daga mai gaskiya don tsoron mai hali, kada mu ɗauka ba za a tambaye mu ba. Za a tambaye mu. Allah Ya ba mu ikon faɗar gaskiya ko da ba mai tsaya mana, Ya jiƙan waɗanda suka mutu a kanta.