Turmin Kumatu

Ga ta nan, ga ta nanku, ku masu hamma.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wata mata ce a wani gari na bakin fadama, sunanta Kumatu. Ba ta da mugunta, amma girman kai kamar ya kashe ta. Wata shekara ruwa ya cinye musu gona. Sai mijinta Barau ya tafi cin rani. Ya bar mata ɗan hatsi da tukunya guda ta shinkafa shanshera, mai ɓawonta, ya liƙe bakinta da laka. Ya ce, "Wannan iri ne. Ko me za a yi, kada ki taɓa."

Hatsi ya ƙare. Da hantsi kowane gida lugude, gidan Kumatu shiru. Shirun ya fi yunwar ci mata rai.

Sai ta jawo turmi, ba ko ƙwaya a ciki, ta hau bugu. Turmi ya ce, "Kumatu, za ki tsaga ni a banza." Ta ce, "Rufe mini baki." Sai ga maƙwabciyarta, Inna Cima, ta leƙo ta kan danga. Ta ce, "Yarinya, kuna da abin kaiwa baka kuwa?" Ta ce, "Haba Inna, ba kya jin daka?"

Kashegari ta kwaso ɓuntu a juji, ta zuba, ta hau daka. Taɓarya ta ce, "Kumatu, ɓawo nake daka, wa zai ci?" Ta ce, "Yi aikinki." Inna Cima ta leƙo. Ta ce, "Ina jin daka, amma ban ga hayaƙi ba." Ta ce, "Icen ne ɗanye, Inna."

Maganar hayaƙin nan ta tsaya mata a wuya. Kai Sambo, bar tsokanar ƙanwarka, nan ne wurin ɓarnar. Sai ta fasa lakar nan, ta ɗebo iri, ta cashe. Faifai ya ce, "Kumatu, in na bakace shinkafar nan ta rabu da ɓawonta, ba za ta ƙara tsirowa ba." Ta ce, "Kaɗan ce." Ta dafa, har da aika wa Inna Cima kwano, don a san gidanta ana ci. Ni wannan kwanon ya fi komai ba ni haushi.

Yau kaɗan, gobe kaɗan, tukunya ta kai ƙasa. Ta cika ta da ɓuntu, ta mayar da laka.

Ruwa ya sauka, Barau ya dawo. Ya ɗaga tukunya, ya ji ta sakayau. Ya buɗe, ya tura hannu har gwiwa. Ya bi gari neman iri, kowa ya riga ya yafa nasa.

Inna Cima ta shigo, ta dubi Kumatu. Ta ce, "Tun kaka matan unguwa muka haɗa muku kwandon hatsi. Na zo, na sake zuwa, kika ce kuna daka. Ranar da kwanonki ya shigo gidana, muka kai wa wasu."

Kumatu ta zauna daɓas a gindin turmi. Daminar nan gonarsu ciyawa ta haifa. Barau ya saɓa fartanya, ya tafi ƙodago a gonakin mutane, kuma bai ƙara barin mata ajiyar ko allura ba.

Kurunkus, ga kan kusu nan. In kuna jin yunwa ku faɗa da bakinku, tun ana tambayarku. Ku tashi ku kwanta.