'Yar Sakata a Aljihun Malam Sallau

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani ƙaramin gari da ba sai na faɗi sunansa ba. Malam Sallau ake ce masa. Ba wani karatu mai zurfi ya yi ba, manomi ne, yana da tsohuwar akori-kura da yake kai taki gona da ita. In ya zauna cikin mutane ba ka jin muryarsa. In ya gaishe ka sai ya rusuna, ko da ya girme ka.

Garin nan babu gareji, sai an yi tafiyar rabin yini kafin a ga bakanike. Shi ya sa Malam Sallau ya koyi yi wa motarsa juye da kansa. Ga wanda bai sani ba, juye shi ne a zubar da tsohon baƙin man inji a zuba sabo. Akwai wani noti a ƙasan injin, sai mutum ya kwanta ya kwance shi da sifana, man ya zubo da zafinsa a hannu, wani lokaci har a fuska.

Wata rana ƙaninsa ya kawo masa tsaraba daga birni, wasu 'yan famfuna guda biyu na tagulla, waɗanda ake ɗaurawa a madadin notin nan. Ka sa tiyo a bakin famfon, ka tura ɗan hannunsa da yatsa, mai ya bi tiyo ya shige galan. In ya tsiyaye sai ka mayar da hannun. Amma ku riƙe wannan, don Allah ku riƙe shi: akwai wata 'yar sakata, ba ta fi farce girma ba, da ake maƙalawa bayan an rufe, don kada wani abu a hanya ya bugi hannun ya buɗe.

To, yana da maƙwabci, Dogo direba, mai bas ɗin da ke kai mutanen garin kasuwar Laraba. Dogo ba mugu ba ne, amma akwai zuciya, akwai baki. Ya ga Malam Sallau ya yi juye da sabon famfon, ya fito daga ƙarƙashin mota rigarsa fes, sai ya ce, "Kai, Malam! Wace irin dabara ce wannan? Ni in na yi juye ko matata ba ta gane ni."

Malam Sallau ya yi murmushi ya ce, "Akwai saura ɗaya. In kana so, na ɗaura maka."

"Ba dai za ka kashe min mota ba ko, bakaniken gona?"

"In sha Allahu a'a."

Ranar Laraba da safe aka yi aikin. Dogo ya makara, fasinja sun riga sun cika mota, mutum goma sha huɗu, yawancinsu mata, da kajinsu da ƙoransu. Malam Sallau yana ƙasa yana ɗaurawa, Dogo yana sama yana buga ƙofa. "Malam, rana tana yi! Malam, kajin mutane za su mutu!" Malam Sallau ya rufe famfo, ya fito, aka zuba sabon mai. Kafin ya gama goge hannu, bas ta tashi.

Ya koma gida. Can an jima matarsa Kande ta ce, "Malam, cire rigar nan in haɗa da wanki." Tana zazzage aljihu sai wani abu ya faɗo ƙasa. Ta ɗauka ta ce, "Wannan kuma na mene ne?"

Ku saurara. Ni kaina in na zo nan wurin sai jikina ya yi sanyi.

Sakatar ce. Bai maƙala ba.

Malam Sallau ya san hanyar nan kamar tsakar gidansa. Da farko tana ratsa gonaki, kuma an gama girbi, kara ya cika tsakiyarta, yana ta dukan ƙasan mota. Daga gonaki sai ƙauyuka biyu, daga nan sai daji. Dajin nan ko da rana tsaka ba a tsayawa a cikinsa, don an sha tare mutane, wasu har yau ba a ji labarinsu ba. Kuma inji in mai ya ƙare masa, bugawa yake yi, ya tsaya cak, a inda ya ga dama.

Ya faɗa wa Kande. Ta dafe ƙirji ta ce, "Wataƙila ba zai buɗe ba, Malam."

"Wataƙila."

"In ma bas ɗin ta tsaya, cewa za a yi tsufa ne. Wa ya san da wannan abin? Ka san bakin Dogo. Kuma kai ma dajin za ka shiga, kai kaɗai. Ni wallahi tsoro nake ji."

Ya ce, "Ni ma tsoron nake ji, Kande. Amma ni na sani, kuma Wanda ya halicce ni ya sani."

Ya ɗauki galan ɗin mai da ya ajiye don tasa motar, ya jefa a baya, ya tada akori-kurar da ba ta taɓa sanin gudu ba.

A cikin gonaki bai ga komai ba, har ya fara cewa alhamdu lillahi. Sai ga ɗigo ɗaya, baƙi, a kan jar ƙasa. Ya yi gaba kaɗan, ga wani. Ga wani. Ya wuce ƙauye na farko, aka ce sun ɗauki mutum sun wuce. Ɗigon ya fara kusantar juna. Ya wuce na biyu, aka ce yanzun nan suka tashi. Daga nan ba ɗigo ba ne kuma, zare ne, siriri, baƙi, ya miƙe ya shige daji.

Jama'a, ku sa kanku a wurinsa. Ba wanda yake ganinsa. In ya juya daga nan, ba mai tambayarsa. Ko addu'ar ma sai ta kakkarye masa. Ya shiga. Itatuwa suka rufe hanya, ko kukan tsuntsu babu. Ya wuce gawar wata mota da aka ƙone a gefen hanya, bai yarda ya kalle ta sau biyu ba.

Can ya hango bas. Ya danna oda, ya danna, ya danna. Shi kuwa Dogo da ya ji ana bin sa da oda a cikin dajin nan, me zai zata? Sai ya ƙara wuta. Mata suka fara salati da kuka. Yana ƙara wuta, mai yana ƙara zuba. Malam Sallau ya fito da kai ta taga yana kiran sunansa, iska tana kwashe muryar.

Allah ya sa akwai wata tsohuwa a kujerar baya, Gwaggo Asabe mai daddawa. Ita kaɗai ta iya waigawa. Ta ce, "Kai Dogo, tsaya! Wane ɓarawo ne zai zo da motar taki? Sallau ne!"

Bas ta tsaya. Malam Sallau ya diro, ya faɗa ƙarƙashinta. Hannun famfon ya goce, mai yana zuba kamar tafasasshen ruwa. Da yatsunsa ya mayar da shi, fatar ta saɓule. Dogo ya zaro sandar awon mai, sai a can ƙarshenta ya ga ɗan danshi. Aka juye galan ɗin nan duka.

Dogo ya rungume shi. "Kara ne ya buge shi, Malam, kara ne! Yaya aka yi ka sani? Wa ya faɗa maka?" Wata mata ta ce, "Ai dama na faɗa, mutumin nan ba haka kawai yake ba, ana nuna masa abubuwa."

Nan jarrabawar take, ku saurara da kyau. An ba shi mafita, har an ɗora masa waliccin da bai nema ba. Shiru kawai zai yi.

Sai ya sa hannu a aljihu, ya buɗe tafinsa. Ya ce, "Ba wanda ya nuna min komai. Wannan ce ban maƙala ba. Laifina ne, Dogo. Ku yafe min, iyayena."

Dogo ya sake shi. Ya kalli sakatar, ya kalli matan, sai ya ɗauke shi da mari. "Ashe kai ka kusa kashe mu!" Malam Sallau bai ɗaga hannu ba. Ya sake kwanciya a ƙasa, ya maƙala sakatar da ƙonannun yatsunsa. Gwaggo Asabe ta ce, "Ku tashi mu bar wurin nan, in mun fita kwa yi faɗanku."

Kada ku zata zan ce muku an yi masa kyauta. Ba a yi ba. Dogo ya kai labari tasha, aka daɗe ana yi wa Malam Sallau dariya, ba wanda ya ƙara ba shi ko keke ya taɓa. Amma mutanen nan duk sun ci kasuwarsu, sun koma wurin 'ya'yansu.

Abin da nake so mu ɗauka shi ne wannan: kuskure ba ya sa mutum ya zama mugu, ɓoye shi ne yake sawa. Ke da kika ba mara lafiya magani, daga baya kika gane ba shi ba ne. Kai da ka ɗaura taya, ka tuna akwai notin da ba ka matse ba. Ke da kika faɗi magana a kan wata, kika gano ƙarya ce, maganar tana can tana tafiya gida-gida. Kana zaune kana cewa wataƙila ba komai, alhali akwai wanda yake tafiya a kan kuskurenka bai sani ba. Tashi ka bi shi tun bai yi nisa ba, ka ce, "Ni ne." Za a iya marinka, za a iya yi maka dariya. Wannan duk mai sauƙi ne a kan ranar da za a tambaye ka, kuma babu sauran hanyar da za ka bi ka cim masa.

Allah ya ba mu ƙarfin halin faɗin laifinmu da bakinmu, tun yana da amfani. Amin.