Kurege Ya Kai Hakimi Ƙara Sau Uku

Ga ta nan, ga ta nanku, ku masu tare mini wuta.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

To wannan ba ji na yi ba, da idona na gani. Ina cikin kotun, gwiwata na gogar ta alƙali, har goro ya ɓara ya ba ni. Mai musu ya je ya tambayi Kunkuru, yana nan da ransa.

An yi wani Kurege, raminsa na gindin tsamiya, daf da gonar gyaɗar Zabuwa. Zabuwa ta binne iri, Kurege ya bi ya tone. Da abin ya ishe ta, sai ta kai kuka wurin Gwanki, hakimin da Zaki ya naɗa a yankin. Gwanki ko tashi bai yi ba, ya ce a toshe ramin, Kurege ya bar masa ƙasa. Ga damina ta kankama, ga matar Kurege da jarirai.

A dajin nan akwai doka tun ta kakanni, ko Zaki bai isa ya tsallake ta ba. Ba a raba kowa da gidansa sai an kira shi, an ji ta bakinsa, kuma mai sauraron ya zama ba ruwansa da rigimar. Mai tsaron dokar shi ne alƙali, tsoho Kunkuru. Shi ba kama ɓarawo ne aikinsa ba. Masu mulki yake dubawa, sun bi hanya ko sun yi ratse.

Kurege ya shigar da ƙara. Aka kira hakimi, ya zo yana huci, wai shi za a tsayar saboda ɗan abin da bai kai kofatonsa ba. Ya kama zancen gyaɗa.

Kunkuru ya ce, "Ranka ya daɗe, ban tambayi gyaɗa ba. An kira shi? An ji ta bakinsa?"

Gwanki ya ce ɓarawo kuma wane baki gare shi. Nan take Kunkuru ya soke umarnin, ya ce a koma a yi daidai. Kurege ya fito yana kaɗa jela, yana gaya wa kowa kotu ta wanke shi. Ba ta wanke shi ba, yara. Amma gona ya koma.

Karo na biyu Gwanki ya kira shi, aka zauna, aka ji ta bakinsa, aka sake korarsa. Kurege ya koma kotu.

Kunkuru ya ce, "Ban tambayi gyaɗa ba. An kira shi? An ji ta bakinsa? Wa ya ji?"

Aka nuna mai sauraron. Mijin Zabuwa ne. Kunkuru ya sake sokewa. Kai Ɗantani, bar gyangyaɗi, yanzu za a zo wurin.

Karo na uku Gwanki ya yi hankali. Ya ɗauko Jimina daga wata ƙasa, ba ta san Zabuwa ba, ba ta san Kurege ba. Ya aika a kira Kurege. Matar Kurege ta ce ya je ya ba da haƙuri, Jimina na da sauƙin kai. Ya ce wa matar ita ba ta san shari'a ba. In bai je ba, ba a ji ta bakinsa ba, in ba a ji ba kuwa, ba mai korarsa har duniya ta naɗe. Ɗan aike ya zo sau uku, sau uku Kurege na amsa masa daga cikin rami, wai a ce ba ya nan. Jimina ta jira har ta gaji, ta ji ta bakin Zabuwa, ta ce a kori Kurege daga ƙasar.

Kurege ya shigo kotu da takama, mun ma gaisa.

Kunkuru ya ce, "An kira ka?"

"An kira ni, Allah gafarta malam, amma ba a ji ta bakina ba."

"Ina bakin yake ranar?"

"Yana rami."

"Yana me?"

Kowa ya dubi Kurege. Ga ɓawon gyaɗa maƙale a gashin bakinsa.

Kunkuru ya ce, "Doka ta ce a ba ka wuri ka yi magana. Ba ta ce a shiga rami a zaro maka harshe ba. Umarnin hakimi ya tsaya."

Gwanki ya miƙe zai je toshe rami. Kunkuru ya ce ya dakata, matar Kurege ba wanda ya kira ta, ba wanda ya ji ta bakinta, don haka ba mai taɓa mata ɗaki. Ita ta zauna da 'ya'yanta. Shi kuwa Kurege ya kama hanya, ruwa na dukansa, jelar nan ta jiƙe ta zama kamar tsumma.

Kun dai ji. Mai mulki ya bi doka ko a soke masa magana. Kai kuma in an kira ka, ka je.

Ƙurunƙus kan kurege. Komai haka ya faru, ban da goron nan, shi kam ni na ƙara. Ni na miƙa wa Kunkuru, ya ce ba ya karɓar komai a kotu.