Gadar Honarabul Dantsoho

Ku ji yadda Nomau mai fito ya yi da Honarabul Dantsoho. Tun yana majalisar jiha Dantsoho ya rantse wa duniya cewa ya gina wa garinsu gada, alhali dutse ɗaya ya aza. Da ya tashi neman kujerar majalisar tarayya, sai ga shi a bakin kogi da manyan baƙi, jama'a kuma sun yi cincirindo.

Ya ja Nomau gefe ya ce, "Ka tsallakar da ni, amma kada a gan ni a jirgi, kada kuma in ce babu gada. In ka kasa, in sa a ƙwace jirginka."

Nomau ya durƙusa ya ɗaga murya: "Ranka ya daɗe, wane ni in ɗauki mai gada a jirgi? In tana nan, bismilla, hau ka wuce. In babu, faɗa jama'a su ji, yanzu in kawo jirgi."

Dantsoho ya dubi baƙi, ya dubi ruwa. Ya gyara hula ya ce, "Gada tana nan mana!" Ya tattare babbar riga ya taka, sai tsundum, ruwa har wuya. Ya ci gaba da kutsawa yana ɗaga wa jama'a hannu.

Nomau ya bi shi a jirgi yana cewa, "A hankali, ranka ya daɗe, riƙe dama! Ta nan hagu ne ba ka ƙarasa ginin ba."